Saura Mita Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Na-Sani ya yi yana tuƙa motar ofishin awon filaye, kuma a duk shekarun nan aikinsa bai wuce uku ba: ya tuƙa, ya sauke kaya, ya nemi inuwa. Amma in ya dawo layinsu da yamma ya zauna a bencin Mai Aski, sai ka rantse shi ya harba taurarin ɗan'adam sama da hannunsa. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Ko me ka fara faɗa, kafin ka kai tsakiya ya ce, "Na sani." Ranar da aka ce masa matar Tela ta haihu, ya ce ya sani, namiji ne. Aka ce mace ce. Ya ce ai abin da yake shirin faɗa ke nan aka katse shi.

To, Telan nan da maƙwabcinsa Mai Walda sun kai wata shida ba sa gaisawa, a kan wata bishiyar lemo da ta tsiro a ɗan tsakanin gidajensu. Mai Walda ya sauke bulo zai ja katanga, ya ce bishiyar a cikin filinsa take. Tela ya ce duk wanda ya taɓa ta zai ga abin da almakashi ke iya yi. Sun kai maganar ofishin awo, an ba su rana nan da mako uku.

Ranar Asabar da hantsi faɗan ya sake tashi. Na-Sani na wanke motar ofis a ƙofar gidansa, don ranar Litinin da sassafe zai ɗauki shugabarsa, Mai Safiyo, su tafi wani aiki mai nisa. Kayan awo duk suna bayan mota cikin wani akwati ruwan ɗorawa. Ya ajiye soso, ya goge hannu a wando, ya shiga tsakaninsu.

"Mako uku? Abin da zan gama kafin shayi ya huce?"

"Kai ba direba ba ne?" in ji Tela.

"A takarda ke nan. In mun je daji, Mai Safiyo ba ta danna komai sai ta kalle ni tukuna."

Gaskiya ne tana kallonsa, amma don ta ce ya matsa daga gaban na'ura.

Matarsa ta leƙo daga ƙofa da ludayi a hannu. "Maigida, wannan akwatin ba shi ne aka ce ko ƙura kar ka goge masa ba?"

"Koma ciki, Maman yara. Wannan maganar ilimi ce."

Ya buɗe akwati. Ya fito da kan na'urar, wani abu mai kama da farin kwano a kife, ya ɗaura shi a saman doguwar sanda, ya maƙala ɗan allon da ake dannawa. Mutanen layi suka fara taruwa. Mai Aski ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske ya fito. Gwaggo, tsohuwar da ke gidan kusurwa, ta jawo kujerarta ta zauna a gaba, ta gyara tabarau.

Aka kawo takardun fili. Na-Sani ya kwafi lambobin iyaka cikin allon, ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa kamar mai buɗe littafi. Wannan kam ya iya, don ya sha gani. Kibiya ta fito a allon, da rubutu a ƙasanta: mita biyu, hagu.

"Kun gani? Taurari sun yi magana."

Ya yi taku uku hagu. Kibiya ta juya ta ce mita uku, dama. Ya koma dama. Ta ce baya. Ya ja da baya, ya ja, ƙafarsa ɗaya ta zurma cikin kwata har idon sawu.

"Nan ne!" ya ce, don kar a ga kamar faɗawa ya yi. "A kafa turke."

Kafin Mai Walda ya ɗaga guduma, kibiya ta sake shawara. Ta ja Na-Sani ya tsallaka layi, ya shiga shagon Tela, ya tsaya daidai kan keken ɗinki.

Mai Walda ya washe baki. "Ashe har keken nawa ne."

"Ka taɓa shi ka gani!" in ji Tela.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ƙasar ce ke yawo, ko kai ne ba ka karya ba?"

Gumi ya tsattsafo wa Na-Sani a goshi. Sai Allah ya taimake shi ya tuna wata rana da Mai Safiyo ke yi wa sababbin ma'aikata bayani, shi kuma yana kishingiɗe a gindin bishiya. Ya ji ta ce saƙon tauraro in ya sauko kai tsaye ba matsala, amma in ya daki rufin kwano, ko gilashi, ko ruwa, ko jikin mota, sai ya yi tsalle ya iso a makare, na'ura ta ɗauka tafiyar ta fi haka tsawo, ta rikice. Cutar ya ji. Kafin a zo kan magani barci ya kwashe shi.

Ya fito daga shagon yana kaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo.

"Dama na sani. Amsa-kuwwa ce."

"Ta wa?" in ji Mai Aski.

"Ta taurari. Ku ɗaga kai ku gani. Kwano nan, kwano can, layin nan gaba ɗaya kwano. Saƙo ya taso tun daga sama, bawan Allah, ya gaji, ya zo ya daki rufin Tela, ya daki na Mai Walda, ya daki na Gwaggo, ya iso wurina a jigace. Ta yaya zai faɗi gaskiya?"

"To a cire rufin ne?" Tela ya tambaya.

"Haba, mu masana ba ma ɓarna. Rufe shi za a yi. Abu mai taushi ake so, wanda in saƙo ya faɗa kai zai kwanta, ba zai yi tsalle ba. A fito da katifu."

Da a ce wani ne ya faɗa, da an yi masa dariya an watse. Amma mutanen layin sun gaji da faɗan lemo, kuma Na-Sani ya faɗi maganar da irin muryar da ake karanta labarai. Aka jingina tsanin Mai Walda. Katifu suka fara hawa sama, manya da ƙanana, da masu lotsawa a tsakiya, da wata da mai ita ya roƙi a kifa ta don kar a ga taswirar da yara suka zana mata. Da katifu suka ƙare aka koma kan barguna. Cikin awa ɗaya rufin gida biyar ya koma kamar shagon mai sayar da kayan ɗaki.

Na-Sani ya duba allo. Kibiya na nan tana rawa.

"Akwai saura. Wancan tankin ruwan, a naɗe shi."

Aka naɗe tanki da labulen Gwaggo.

"Ƙofofin ƙarfen da ke jingine a gaban shagon walda fa? Tela, kawo yadi."

"Yadin mutane ne! Na wata mata ne da ke zuwa karɓa jibi!"

"Kana son lemon ko ba ka so?"

Tela ya kawo yadi yana ƙunƙuni, aka lulluɓe ƙofofi da leshi mai tsada, suka tsaya a jere kamar baƙin da suka zo gaisuwa.

"Mai Aski, juya madubinka ya kalli bango."

"Ina da mutum a kujera!"

"Ya yi haƙuri. Ba abin kallo ba ne yanzu." Na-Sani ya ƙanƙance ido ya dubi kan Mai Aski, wanda sanƙonsa ke ɗaukar ido a rana. "Kai ma sa hula."

"Kaina ne ke rikita tauraro?"

"Ni ban ce ba. Na'ura ce ta nuna wajenka sau biyu."

Mai Walda ya fashe da dariya, haƙorinsa na azurfa ya yi walƙiya. Na-Sani ya nuna shi da yatsa. "Kai kuma rufe bakinka har a gama." Ya juya kan Gwaggo. "Gwaggo, a taimaka a cire tabarau."

"In na cire da me zan ga shirmenka?"

"Don zaman lafiyar layi ne, Gwaggo."

Ta cire, ta riƙe a cinya. "To na cire. Yanzu ku biyu nake gani, kuma duk cikinku ba mai hankali."

Ya sake duba allo. Mita ɗaya gaba. Mita biyar baya. Mita biyu wajen gidan Gwaggo. Rana ta take, jama'a sun fara gunaguni, mutumin da aka bari da rabin aski ya fito da tawul a wuya yana tambayar wa ya mutu. Na-Sani ya ƙura wa allon ido. Ya tuna hoton da ke jikin kalandar ofis: wata babbar na'ura zaune a tsakiyar zobba na ƙarfe, ƙarami cikin babba, ƙarami cikin babba. An taɓa ce masa zobban ne ke kama saƙon da ya yi tsalle daga ƙasa.

Ya faɗa gida da gudu. Aka ji ƙarar tukwane, aka ji muryar matarsa ta tashi. Ya fito rungume da jerin tukwanenta biyar, tana biye da shi.

"Maigida, ta tsakiyar akwai miya a ciki!"

"Juye ta a wani abu."

"A me? Ka kwashe komai!"

Ya zubar da miyar, ya jera tukwane ƙarama cikin babba a ƙasa, ya tsaya yana kallonsu, yana kallon sanda. Zobban a ƙarƙashin kan na'ura ya kamata su zauna, sandar kuwa ba ta da hanyar wucewa.

Mai Walda ya yi magana ta gefen baki, don an hana shi buɗewa. "Minti biyu in huda su duka."

Matar Na-Sani ta ɗaga ludayi. "Ka huda tukunyata, in huda tayar injin waldarka, in yana da taya."

"Ba shi da ita."

"Zan nemo inda zan huda."

Na-Sani ya ga abin zai zama yaƙi na biyu. Idonsa ya faɗa kan babban bahon ƙarfe da matarsa ke wanki a ciki, yana jingine a bango. Fuskarsa ta yi haske.

"Ku dakata! Turawan da suka yi zobban nan ba su yi tunani ba. Me ya sa za ka tare amsa-kuwwa ta ƙasa kaɗai? Ta gefe fa? Ta sama fa? Tare ta ko'ina, ka huta!"

Ya ɗauki baho ya kifa a kan na'urar, ya rufe ta ruf, ya ɗaure da igiyar shanya. Ya ɗaga sanda, baho na lilo a sama kamar laima. Ya duba allo.

Kibiya ta tsaya cak. Gaba, mita huɗu. Ba rawa, ba waige.

"Allahu akbar!" in ji Mai Aski daga ƙarƙashin hula.

Akwai wani jan rubutu da ya fara ƙiftawa a saman allon. Tela ya leƙo. "Wannan jan fa, me yake cewa?"

"Cewa yake an dace. Ku biyo ni. Mita huɗu, magana ta ƙare."

Ya yi taku biyar manya, ya wuce bishiyar lemo, ya tsaya a bakin ƙofar Tela. Ya duba. Gaba, mita huɗu.

Ya yi tari. "Na'ura ta ce a ƙara kaɗan."

Ya shiga gidan Tela, jama'a na biye. Ya ratsa tsakar gida, ya sunkuya ƙarƙashin shanya, baho ya kwaso zanin jariri. Gaba, mita huɗu. Ya wuce ta gaban kicin, matar Tela ta saki murfin tukunya. Gaba, mita huɗu.

"Duk nan nawa ne?" Mai Walda ya manta da dokar rufe baki. "Har da rijiyar?"

"Wallahi sai dai a binne ni a nan!" Tela ya sha gabansu ya ware hannuwa, aka zagaye shi aka wuce.

Suka fita ta ƙofar baya suka faɗa lungu. Na-Sani ya san akwai matsala, amma mutum talatin na bayansa, kuma tsayawa na nufin bayani. Ya ci gaba. Lungun ya kai su bayan shagon aski.

"A'a, a'a, a'a," in ji Mai Aski. "Ni ba ni cikin faɗan lemo!"

"Yanzu ka shiga," in ji Mai Walda. "Kar ka damu, ni maigidan kirki ne. Ba zan tashe ka ba."

Suka ratsa shagon, suka fito ta gaba, suka tsallaka layi. Gwaggo, da ba tabarau, ta ga wani dogon abu mai faffaɗan kai na tunkaro ta, ta yi salati ta jefe shi da takalmi. Takalmin ya daki baho, ƙauuu, kamar an buga ƙararrawar makaranta. Na-Sani ya kauce, kaucewar ta sa shi a ƙofar gidansa. Gaba, mita huɗu. Ƙafafunsa suka shige da shi, ya ratsa falo, sai ga shi tsaye a gaban gadonsa, bango ya tare shi.

Mai Walda ya leƙa ɗakin, ya dubi silin, ya ƙwanƙwasa bango.

"Ginin ba laifi. A nan za a fara katangar, ko sai an fasa bangon an ƙara mita huɗun?"

Matar Na-Sani ta tsaya a bakin ƙofa. "Maigida, tun safe nake kallonka. Ka kwashe min tukwane, na yi shiru. Ka zubar min da miya, na yi shiru. Yanzu kuma ka auna mana gida ka ba mai walda?"

"Maman yara, ba a gama lissafi ba..."

Sai aka ji wani ɗis a waje. Sai wani. Duk wannan hidimar ba wanda ya ɗaga kai ya ga hadarin da ya haɗu, kowa allo yake kallo. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Abin mamaki, ba a ji ƙararsa a kan kwano ba ko kaɗan. Shiru, laushi, kamar ana zuba shi a kan auduga.

Mai Aski ne ya fara ganewa. "Katifu!"

Aka yi waje a guje. Tsani ɗaya, rufi biyar, mutum talatin. Tela ya yi kan leshin mutane yana kuka da hawaye, jan launin wani yadi ya riga ya zuba a kan farin. Labulen Gwaggo ya manne wa tanki. Kafin a sauko da katifa biyu, sauran sun sha sun ƙoshi, sun yi nauyin da ƙato huɗu ba sa iya ɗaga ɗaya.

Ana cikin haka wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin layi. Mai Safiyo ta fito da laima, ta tsaya tana kallon rufin gidaje, da ƙofofi masu sanye da leshi, da direbanta da ya fito jiƙe sharkaf riƙe da sanda mai hular baho.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ya aka yi kika san..."

"Na'urar da ka kunna ce ta sanar da ofis. Ta nuna min kana cikin gida uku a lokaci guda. Da na shigo unguwar na hango katifu a sama, na ce ba sai na tambayi kowa ba."

Ta kwance igiya, ta ɗage bahon, ta miƙa wa matarsa. "Ungo, 'yar'uwa, yi haƙuri." Ta dubi allon. "Ka san abin da jan rubutun nan ke cewa?"

"An... an dace?"

"Cewa yake ba ya ganin tauraro ko ɗaya. Ka toshe mata ido. Lambar ƙarshe da ta gani kafin ka kifa baho ita take ta nuna maka. Da ba bango, da yanzu kana bakin teku, saura mita huɗu."

Dariyar da aka yi har mai rabin aski sai da ya zauna a kan bulo.

"Amma amsa-kuwwar gaskiya ce, ranki ya daɗe."

"Gaskiya ce. Maganinta ne ba katifa ba."

Da ruwa ya tsagaita ta nuna musu. Ta ɗauki na'urar zuwa filin da ke bakin layi, inda ba rufi ba bango, ta kafa ta a kan ƙafa uku, ta ɗaga ta sama sosai. Ta danna wani wuri ta ce ta hana ta sauraron taurarin da suka yi ƙasa-ƙasa kusa da rufin gidaje, don saƙonsu ne ya fi yin tsalle. Sannan ta naɗe hannu ta jira rubu'in awa ba ta motsa ba. Ta kafa turke biyu a fili, ta ja tef daga nan zuwa cikin layi. Iyaka ta faɗo taƙi ɗaya daga gindin bishiyar: gindin na Tela, katangar Mai Walda kuma za ta wuce ba tare da ta taɓa shi ba.

"Shi ke nan?" in ji Tela.

"Shi ke nan."

Tela da Mai Walda suka dubi juna, suka dubi rufin gidajensu da ke ɗigar da ruwa, sannan a tare, karo na farko cikin wata shida, suka juya suka dubi mutum ɗaya.

Mai Safiyo ta rufe akwatin ta sa a motarta, ta karɓi makullin motar ofis. "Litinin ka zo ofis da ƙafa, ka rubuta min bayani. Amma kafin nan, duk katifar da ka ɗora ka sauko da ita, ka matse, ka shanya."

Haka Na-Sani ya hau rufin gidansa, inda manyan katifu uku ke kwance kamar shanun da suka sha ruwa. Ya ja ta farko, ta ƙi. Ya zauna a kanta yana haki, ruwa ya tsirto ta gefe. Ya leƙo ƙasa ya ga Mai Aski na wucewa, sai ya rage murya.

"Ka dai ji da kunnenka. Ita da kanta ta ce ba don katifun nan ba da ba ta gane layin ba. Ka ga ke nan tsarin ya yi aiki."

Matarsa na tsaye a gindin tsani da tukwanenta a hannu, ta ji shi sarai. Ta ajiye tukwane, ta kama tsanin da hannu biyu, ta janye shi, ta kwantar a ƙasa.

"Maman yara! Ina za ki kai shi? Ta ina zan sauko?"

"Zauna nan, Maigida," ta ce, ta kwashi tukwanenta. "Ka fi kusa da taurarin. In sun faɗa maka inda miyata take, ka kira ni."